Kafin Ali Nuhu, akwai Bitrus

Tun jiya wani rubutu ke yawo, wai Ali Nuhu ne ɗan Arewa na farko da ya fito a fim har 'yan Kudu suka san da zamansa. Zancen ya iso majalisun Wuse da Garki, masu gyaɗa kai suna ta gyaɗawa. Sarki Ali ba abin rainawa ba ne. Tun 2007 ya ɗauko kyautar AMAA da fim ɗin Sitanda, yanzu kuma shi ke riƙe da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa mai shirya bikin Zuma a nan Abuja. Amma lokacin da Najeriya kaf ta haddace sunan Bitrus, Ali yana ɗan shekara 6.

Bitrus shi ne Sadiq Abubakar Daba, yaron nan mai rawar kai na cikin Cock Crow at Dawn, wasan da NTA ta fara nunawa a 1980. A Jos aka ɗauke shi, bankin UBA ya ɗauki nauyi, manufar kuwa a kwaɗaita wa jama'a komawa gona a zamanin Shagari. Peter Igho ya rubuta, Matt Dadzie ya ba da umarni, Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗewa. Daga Sakkwato har Fatakwal duk mai talabijin shi yake kallo, marasa ita kuma su yi cincirindo a tagar maƙwabci.

Na san abin da za ku ce: ai Daba ɗan Saliyo ne. A Freetown ya tashi, can ya yi sakandare, gaskiya ne. Amma asalinsa Kano. In haka ake cire mutum daga dangi, sai ku fara da Hausawan Kumasi da na Sudan mu gani. To ko an cire shi, ina za ku kai Ƙasimu Yero, Bazazzagin da ya fito a Uncle Gaga cikin wasan nan dai, ya kuma yi Magana Jari Ce a Kaduna? Ya rasu a 2017, yaran yanzu ko hotonsa ba su iya ganewa. Abin na ci mini rai. Ene Oloja ma, wadda ta fito a Zemaye cikin wasan, har Amurka ta kai, ta fito tare da Jodie Foster a The Brave One a 2007.

Amma ni inda Daba ya gama da ni shi ne fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, 2014. An daɗe ba a ganinsa, sai ga shi dattijo siriri cikin kakin ɗan sanda, Sufeto Danladi Waziri. Watan Satumba ne na 1960, Turawa sun tura shi garin Akote a ƙasar Yarbawa, ana ta kashe 'yan mata, kuma an ce lallai ya kamo mai laifi kafin ranar 'yancin kai. Ba ya jin Yarbanci, komai sai Saje Afonja ya yi masa tafinta, garin kuma kallon baƙo yake masa. Ku lura da yadda yake tsayuwa gaban Baturen nan Winterbottom: ƙafa a haɗe, murya a ƙasa, ladabi cikakke, amma ido na faɗin abin da baki ya haɗiye. Ba ihu, ba zare ido, ba buga tebur. Sannan ku duba wurin da aka kama Bahaushe matafiyi, Usman Dangari, aka ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, har Okafor, uban wata yarinya da aka kashe, ya jefe shi da adda. Fuskar Daba a nan kaɗai ta isa darasi ga duk mai koyon wasa. Mai kisan kuwa ashe ɗan sarkin garin ne, Aderopo, wanda wani limamin coci Bature ya lalata tun yana yaro a makaranta. Da Waziri ya kawo rahoto aka ce ya binne, kada a ɓata bikin 'yanci. Ya yi musu, ya yi musu, daga baya ya sunkuyar da kai. Wasu sun ce marubucin fim ɗin ya mai da ɗan Arewa matsoraci. Ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san wannan sunkuyawar.

Da wannan fim Daba ya ci kyautar gwarzon jarumi ta AMAA a 2015, a Afirka ta Kudu.

Daga nan sai ciwo. A 2017 aka ji yana fama da sankarar jini da ta mafitsara, jama'a suka yi masa karo-karo ya je magani. Ya ɗan samu sauƙi ya fito a fim ɗin Citation a 2020. Ranar 3 ga Maris 2021 ya rasu a Legas. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Ƙasimu Yero.

Mai wancan rubutu, don Allah ka gyara.