Tazarar Maki 83: Abin da Allon Sakamako Ba Ya Faɗa

A daren 2 ga Agusta, 2012, a gasar Olamfik ta Landan, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Amurka ta lallasa ta Nijeriya da ci 156 da 73. Tazarar maki 83 ke nan. Carmelo Anthony shi kaɗai ya zura maki 37 cikin mintuna 14, Amurkawa kuma suka jefa ƙwallo mai maki uku har sau 29. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun riga sun tara maki 78. Ike Diogu ya ci wa Nijeriya maki 27, amma ƙoƙarinsa bai hana tarihin gasar rubuta wannan dare a matsayin wanda ƙungiya ɗaya ta fi tara maki ba.

Duk wanda ya kalli wasan zai ɗauka cewa babu mai iya tsayawa gaban Amurka a wannan shekara. Kwana biyu bayan haka, waɗannan 'yan wasa suka sha da ƙyar a hannun Lituweniya da ci 99 da 94. A wasan ƙarshe ma, maki bakwai kacal suka raba su da Sifen, 107 da 100. Sun ɗauki zinare, amma da gumi. Tazarar da suka ba Nijeriya ta nuna raunin Nijeriya a wannan dare fiye da yadda ta nuna abin da ke jiran Amurka a gaba.

Shekara tara bayan haka reshe ya juye da mujiya. A 10 ga Yuli, 2021, a Las Vegas, Nijeriya ƙarƙashin mai horarwa Mike Brown ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta yi hakan. Gabe Vincent ya ci maki 21. Aka yi ta hasashen lambar yabo a Tokyo. Da aka je Tokyo, Ostareliya da Jamus da Italiya duk suka doke mu, muka dawo ba tare da nasara ko ɗaya ba.

Mutumin Argungu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ranar bikin kamun kifi a Matan Fada, masunci guda kan fito da giwan ruwa wanda sai an taru ake ɗaga shi, a tafa masa, a ba shi kyauta. Amma masuncin da ke rayuwa da homa da gora a Augie ya san cewa kifi ɗaya ba ya faɗin halin da gulbi ke ciki. Abin da yake dubawa shi ne yadda ruwa ya cika a damina, da yadda aka kiyaye wurin kafin ranar. Haka ƙwallon kwando take: mai son sanin makomar kakar wasa, gasar cikin gida zai duba.

A nan ne labarin ya shafi Arewa kai tsaye. Gasar ƙwararru ta Nijeriya ta daɗe a rabe gida biyu, rukunin Atlantic a Kudu da rukunin Savannah a Arewa, kuma a shekarun baya Kano Pillars ce ta fi kowa ƙarfi a Savannah. Ta lashe kofin ƙasa a 2013 da 2014, ta sake ɗauka a 2016 da 2017. A ƙarshen 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira, bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Zariya kuwa tun da can matattara ce: a can Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019.

Da a ce yawan nasara ne ke tabbatar da gobe, da Pillars ba ta da abin fargaba a 2017. Amma a watan Yunin wannan shekara hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare biyu: aka zaɓi Tijani Umar a Kano, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gasar ta rasa tsayayyen jadawali na tsawon shekaru, 'yan wasa suka zauna ba wasa. Rikicin ya kai ga gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin duniya a Mayun 2022. An soke matakin cikin makonni, amma kafin nan ƙungiyar mata ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali.

A daidai wannan lokaci aka buɗe babbar gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021, wadda zakaran Nijeriya ke da gurbi a cikinta. Rivers Hoopers ta je, Kwara Falcons ta je a 2023, Hoopers ta koma ta zo ta uku a 2024. Pillars, wadda ta tsaya a kan mumbarin Afirka a 2016, ba ta cikin waɗanda suka wakilci ƙasar a waɗannan shekaru.

Ƙungiyar da ta doke Amurka a Las Vegas galibinta 'yan wasa ne da makarantu da gasannin ƙasashen waje suka rena. Abin alfahari ne, amma ba gasarmu ce ta haife shi ba. Don haka idan aka ce maka ƙungiyar Arewa ta yi wa abokiyar karawarta kaca-kaca a wasan buɗe kaka, ka yi murna, sannan ka tambaya: an fitar da jadawalin har ƙarshe? Ana biyan 'yan wasa a kan kari? Akwai filin da yaron Birnin Kebbi ko Argungu zai fara jefa ƙwallo a kwando tun yana makarantar sakandare? Amsoshin nan ne za su faɗa maka yadda kakar za ta ƙare.