Tarihin Ma'aunin Ƙuri'a a Ƙasashen Turai da Amurka, 1989 zuwa 2025

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata dabara da ta samo asali a ƙasar Holan, ta bazu zuwa sauran ƙasashen Turai, wadda a yau miliyoyin mutane kan nemi shawararta kafin su doshi rumfar zaɓe. Dabarar kuwa ita ce jerin jimloli game da al'amuran mulki da akan ɗora a intanet, mai zaɓe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa ya yarda, ko bai yarda ba, ko kuwa yana tsakiya, sa'an nan kwamfuta ta gwama amsoshinsa da na jam'iyyu ko na 'yan takara, ta jero masa su tun daga wanda ya fi kusa da ra'ayinsa har zuwa wanda ya fi nisa. A nan zan riƙa kiran wannan abu ma'aunin ƙuri'a. Abin da nake so in nuna shi ne, kowace ƙasa ta ƙera nata ma'aunin gwargwadon dokar zaɓenta da tarihin jam'iyyunta, har ta kai wanda ya duba irin tambayar da ake yi, da wanda ake wa ita, yana iya karanto tsarin siyasar ƙasar daga ciki.

Mafari a Holan

Ga mu da ke koyar da malamai, abin sha'awa ne a ce a aji aka haifi wannan dabara. A shekarar 1989 wata cibiyar ilmantar da 'yan ƙasa a Holan ta buga wani ɗan littafi mai suna StemWijzer, watau mai nuna wa ƙuri'a hanya, ɗauke da jimloli 60 da aka tsamo daga manufofin jam'iyyu, tare da faifan kwamfuta. An yi shi ne domin 'yan makarantar sakandare, kuma bai samu kasuwa ba. A 1998 aka ɗora shi a intanet, ya ba da shawara kimanin sau 6,500. Amma a zaɓen 2002 adadin ya haura miliyan 2, a 2006 kuwa ya kai miliyan 4.7, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 16 da 'yan kai ba.

To, me ya jawo wannan tsalle? Yawaitar kwamfuta a gidaje ta taimaka, babu shakka, amma ba ta isa bayani ba, tun da yake Amurka ta riga Holan shiga intanet, kuma ba a ga irin wannan a can ba. Dalilin yana cikin tarihin Holan ɗin kanta. Tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa shekarun 1960 al'ummar ƙasar a rabe take rukuni-rukuni, abin da su kansu suke kira ginshiƙai: na 'yan Katolika, na 'yan Furotesta, na 'yan gurguzu masu sassauci, da na masu ra'ayin sakin mara ga kasuwa. Kowane ginshiƙi da makarantunsa, da jaridarsa, da gidan rediyonsa, da ƙungiyar ƙwadagonsa, da jam'iyyarsa. Wanda aka haifa a gidan Katolika ba ya bukatar a auna masa ra'ayi, domin ya gaji ƙuri'arsa kamar yadda ya gaji sunan gidansu. A zaɓen 1963 jam'iyyun addini guda uku sun ci kujeru 76 daga cikin 150 na majalisa. Da zuwa coci ya ja baya sai ginshiƙan suka fara zubewa, har jam'iyyun nan uku suka haɗe suka zama CDA a 1980. A 1994 CDA ta faɗo daga kujeru 54 zuwa 34. A 2002 kuwa, sabuwar jam'iyyar Pim Fortuyn, wanda aka harbe kwana tara kafin zaɓe, ta ci kujeru 26 a fitowarta ta farko. Shekarar nan ce dai StemWijzer ya haura miliyan 2.

Daɗin daɗawa, dokar zaɓen Holan tana ɗaukar ƙasar kamar mazaɓa guda, ta raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, kuma kashi 0.67 cikin 100 ya isa a samu kujera. Saboda haka a 2021 jam'iyyu 37 suka shiga takara, 17 suka shiga majalisa. Mutumin da ya rabu da jam'iyyar ubansa, aka kuma shimfiɗa masa takardar ƙuri'a mai faɗin tabarma, dole ya nemi ɗan jagora.

Jamus da shari'o'inta

A 2002 Hukumar Ilmin Siyasa ta Tarayyar Jamus ta ari tsarin StemWijzer, ta raɗa masa suna Wahl-O-Mat. An yi amfani da shi sau miliyan 3.6 a wannan shekara, sau miliyan 13.3 a 2013, fiye da sau miliyan 21 a 2021. Jimlolinsa yanzu 38 ne, kuma matasa masu zaɓen farko ko na biyu ne kan zauna da masana su tsara su, sa'an nan a aika wa jam'iyyu su amsa da kansu.

Bambancinsa da na Holan shi ne hukumar gwamnati ce ke da shi, a ƙasar da ta ɗanɗana farfagandar gwamnati a zamanin Hitila. An kafa hukumar a 1952 domin cusa wa jama'a tarbiyyar dimokuraɗiyya, kuma tun 1976 malaman ilmin siyasa na Jamus suka yi matsaya a garin Beutelsbach cewa ba a tilasta wa ɗalibi ra'ayi, abin da ake gardama a kansa a waje kuma dole ya shiga aji a matsayin abin gardama. Don haka hukumar takan nanata cewa Wahl-O-Mat ba ya gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Duk da haka sai da ta sha zuwa kotu. Da farko manyan jam'iyyu kaɗai ake sa wa a ciki. A 2008 wata ƙaramar jam'iyya, ÖDP, ta kai ƙara a jihar Bavariya, kotu ta ba ta gaskiya, daga 2009 aka fara gayyatar duk jam'iyyar da ke kan takardar ƙuri'a. A watan Mayu na 2019, ana saura 'yan kwanaki zaɓen Majalisar Turai, jam'iyyar Volt ta sa wata kotu a birnin Kolon ta dakatar da shi, saboda ba ya barin mutum ya gwama kansa da jam'iyyu fiye da takwas a lokaci guda, kuma galibi sanannun ake ɗauka. Sai da hukumar ta yi alkawarin gyarawa aka sake buɗe shi. A ƙasar da jam'iyya ke bukatar kashi 5 cikin 100 kafin ta shiga majalisa, ɓacewa daga wannan allo ba ƙaramar asara ba ce.

Inda ake zaɓen mutum

A Holan da Jamus jam'iyya ake tambaya. A Finlan kuwa, inda gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Yle, ya fara ɗora irin wannan ma'auni a intanet tun 1996, kowane ɗan takara shi ke amsawa da bakinsa. Mu da muka saba dangwala wa alamar jam'iyya sai mu yi mamakin takardar ƙuri'ar Finlan: da'ira ce kawai, mai zaɓe ya rubuta lambar ɗan takara guda a ciki. Ƙuri'ar tana amfanar jam'iyya, amma ita ce kuma ke tantance wane ne cikin 'yan jam'iyyar zai hau kujera. Ke nan abokin hamayyar ɗan takara na farko ɗan jam'iyyarsu ne, kuma ma'aunin yakan tona yadda 'yan gida ɗaya suke shan bamban.

Suwizalan ta fi haka zurfi. Mai zaɓe yana da ƙuri'u daidai da yawan kujerun yankinsa, yana iya soke suna, ko ya rubuta suna ɗaya sau biyu, ko ya ɗebo 'yan takara daga jam'iyyu daban-daban ya haɗa nasa jerin. A yankin Zurik kujeru 36 aka yi takara a kansu a 2023, 'yan takara sun haura dubu. Babu mahaluƙin da zai karanta manufofin mutum dubu. Shi ya sa smartvote, wanda wata ƙungiya mai zaman kanta ta fara a 2003, yake yin tambayoyi har 75, ya kuma fitar wa mutum cikakken jerin sunaye da zai iya kwafewa.

A Amurka abin bai yi armashi haka ba. Jam'iyyu biyu ne ke cin kusan kowace kujera, kuma mafi yawan masu zaɓe sun san ɓangarensu tun kafin a buga gangar kamfe. Ƙungiyar Vote Smart ta fara aika wa 'yan takara tambayoyi tun shekarun 1990, amma masu amsawa sai raguwa suke yi, domin masu ba su shawara kan gargaɗe su cewa duk amsar da aka rubuta makami ce a hannun abokin hamayya. A Birtaniya ma, inda mai rinjaye a mazaɓa ke kwashe kujera, sanin jam'iyyar da ta fi kusa da kai ba ya wadatarwa idan ba ta da ƙarfi a garinku. Don haka shafukan da ke nuna wa mutum wa zai zaɓa don a kayar da wane suka yi tashe a can.

Tambaya ɗaya, ma'ana daban

A 2009 Cibiyar Jami'ar Turai da ke Fulorans ta gwada yin ma'auni guda, EU Profiler, domin ƙasashe 30, da jimloli 30, 28 daga ciki iri ɗaya ne ga kowa. Wannan gwaji ya ba masana damar jera jam'iyyun nahiyar a kan allo ɗaya, ya kuma fito da wata matsala fili, watau kalmomin hagu da dama ba su da nauyi ɗaya ko'ina. A yammacin Turai jam'iyyar da ke son gwamnati ta tallafa wa talaka galibi ita ce mai sassauci a kan al'ada da baƙi. A ƙasashe da dama na gabas, waɗanda suka fito daga mulkin kwaminis a 1989, sau da yawa akasin haka ake gani: mai kare fansho da tallafi shi ne kuma mai riƙon al'ada da kishin ƙasa.

Alal misali, a ɗauki jimlar da ke cewa a ci gaba da samar da lantarki daga nukiliya. Jam'iyyar masu kare muhalli ta Jamus daga gwagwarmaya da nukiliya ta tsiro, kuma tana cikin gwamnati ranar 15 ga Afrilu 2023 da aka kashe tashoshi uku na ƙarshe a ƙasar. Kashegari sabuwar tashar Olkiluoto 3 ta fara cikakken aiki a Finlan, inda takwararta ta masu kare muhalli ta riga ta amince da nukiliya tun 2022. Haka nan jam'iyyar 'yan mazan jiya ta Birtaniya tana rantsuwa da tsarin asibitin kyauta da aka kafa a 1948, matsayin da a Amurka sai a can ƙarshen hagu ake jin sa. Wanda ya ɗauki amsoshinsa ya tsallaka iyaka da su yana iya wayar gari a gidan da bai taɓa zato ba.

Wa ke riƙe da ma'aunin?

A nan ne, a ganina, babbar magana take. Dukkan waɗannan ma'aunai sun ginu a kan tunanin da Anthony Downs ya shimfiɗa a 1957, cewa mai zaɓe yakan bi wanda ya fi kusa da shi a kan batutuwa. Amma ba sa auna gaskiyar ɗan takara, ko ƙwarewarsa, ko abin da ya aikata da ya samu mulki, ko da wa zai haɗa gwamnati bayan zaɓe, alhali a Holan ba a kafa gwamnati sai da haɗaka. Kuma wani ne ke zaɓar jimlolin. A 2009 Stefaan Walgrave na Jami'ar Antwerp da abokan aikinsa suka nuna da alƙaluman Beljiyam cewa idan aka sauya jimlolin da aka ɗebo daga rumbu guda, yawan mutanen da akan tura wa wata jam'iyya yana iya hawa ko sauka ƙwarai, ba tare da kowa ya sake ra'ayi ba. Jam'iyyu ma sun gane wannan, wasu kan sassaƙa amsa don ta yi wa jama'a daɗi. Wannan ne ya sa André Krouwel ya fito da Kieskompas a Holan a 2006, inda masana ke bincika takardun jam'iyya su gwada da abin da ta faɗa game da kanta. Lalle wannan gyara ne, sai dai ikon ya tashi ne daga hannun jam'iyya ya koma hannun malamin jami'a. A 2013 masu nazarin fannin suka yi taro a Lozan, suka fitar da sanarwar da ke neman kowane ma'auni ya bayyana mai ba shi kuɗi da yadda yake lissafi.

Game da tasiri kuwa, binciken farko-farko ya nuna masu amfani da ma'aunin sun fi fita zaɓe, amma da aka yi gwaje-gwaje masu tsauri sai tasirin ya ragu, domin akasarinsu matasa ne masu ilmi waɗanda dama can suna bin siyasa.

Sabon babin ya buɗe ne a ƙasar da aka faro. A watan Oktoba na 2025, gab da zaɓe, hukumar kare bayanan jama'a ta Holan ta gwada manhajoji huɗu na ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda ake hira da su, tana neman shawarar zaɓe da sunan masu ra'ayoyi iri-iri. A fiye da rabin gwajin, ɗaya daga cikin jam'iyyu biyu suka sa a gaba, PVV ta Geert Wilders ko haɗakar GroenLinks-PvdA, ko da ra'ayin da aka ba su na wata jam'iyya ne dabam, kuma ba a iya bin sawun lissafinsu kamar yadda ake bin na StemWijzer. Hukumar ta gargaɗi jama'a kada su dogara da su. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 29 ga watan, jam'iyyu 15 suka shiga majalisa, D66 ta zo ta ɗaya da kujeru 26, PVV ma 26, haɗakar kuwa ta zo ta huɗu da kujeru 20.