TARIHIN SHARI'AR TROVAN: YADDA AKA ƘARE DA SULHU

A wannan fitowa ina so mu waiwayi wata shari'a da ta shafi Kano kai tsaye, domin tana nuna abin da wanda aka yi wa rauni yake samu, da abin da yake bari, idan ya zaɓi sulhu maimakon jiran hukuncin alƙali.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta hallaka mutane fiye da dubu goma. Ana cikin haka ne kamfanin Pfizer na Amurka ya turo likitocinsa Asibitin Zana da ke Kano domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashi na farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baka sun yarda, kuma cutar ce ta yi wannan ɓarna, ba maganinsa ba.

Maganar ta kwanta har ƙarshen 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta tono ta. A 2001 wasu iyalai suka kai ƙara birnin New York. Nan fa aka shiga jeka-ka-dawo. An kori ƙarar a 2002 bisa cewa kotun Nijeriya ce ta fi dacewa, aka sake korar ta a 2005, sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a saurare ta. Watau shekara takwas aka yi ana gardama a kan wace kotu ce za ta ji maganar, ba a ko kira shaida guda ba. Yaron da aka yi wa gwajin yana goye, a lokacin ya isa shiga sakandare.

A gida kuma, cikin 2007 Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara tana neman diyya ta fiye da Dala biliyan 2, ita ma ta Tarayya ta shigar da tata. To, a Yulin 2009, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Kano da Pfizer suka sasanta a kan Dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan kiwon lafiya, miliyan 10 kuma kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifin komai ba, kuma haka sulhu irin wannan yakan kasance. Waɗanda suka kai ƙara Amurka su ma sun sasanta a 2011, ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba.

Da yawa sun ce an yi asara, tun da tsakanin biliyan 2 da miliyan 75 akwai rata mai nisa. Ni dai ban ga haka ba ɗungurungum. Abin da lauya ya rubuta a takardar ƙara buri ne kawai. Kafin a ci shari'a sai an tabbatar wa alƙali cewa maganin ne ya kurumtar da yaro, alhali kuwa sanƙarau shi kansa yana kurumtarwa yana kisa. Ga takardun asibiti ba su cika ba, ga kamfani mai ƙarfin riƙe lauyoyi har illa masha Allahu, iyaye kuwa talakawa ne masu jinya a gida. Amma a lura, ba a zauna teburin sulhu da gaske ba sai da ƙararraki suka taru, har da tuhumar aikata laifi. Da ba a je kotu ba, da wuya a ga ko sisi.

Inda sulhun ya gaza shi ne wajen biya da wajen gaskiya. An ƙayyade cewa mafi yawan abin da mutum zai samu Dala 175,000 ne, kuma sai an yi masa gwajin ƙwayar halitta an tabbatar yana cikin yaran. Mutane sama da 500 suka fito, alhali 200 aka gwada, wasu iyaye kuma suka ƙi ba da yawunsu saboda rashin yarda. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan annobar, aka biya iyalai huɗu na farko.

Tambayar ko an nemi izinin iyayen nan kuwa, babu kotun da ta yanke hukunci a kanta, domin sulhu ya rufe ƙofar. Wannan zargi da ba a warware ba yana cikin dalilan da jama'a suka riƙa ambata lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a ci gaba ba sai tsakiyar 2004.