Gidan dukawan da mota ba ta kashe ba

'Yan'uwa, a shekarar 1837 wani baduku, Thierry Hermès, ya buɗe rumfa a birnin Pari yana ɗinka kayan dawakin karusa. Ɗansa ya maida gidan titin Faubourg Saint-Honoré a 1880, ya ƙara da sirdi. Da mota ta kori doki, jikoki ba su yar da basilla ba. Ɗinkin sirdin nan mai allura biyu suka juya kan jikkunan mata. Har yau baduku guda ke ɗinka jikka tun farko har ƙarshe, kuma mafi yawan dukiyar gidan na hannun zuri'a. Dukawanmu na Damagaram ma sun ga wannan rana da sarakuna suka shiga mota. Wasu daga ɗiyansu muna tare da su nan Yamai, wajen cin rani.