Aljanin tsakar rana: yadda sufayen Masar suka nemi natsuwa a karatu

Duk malamin lakwal ya san ƙarfe ɗaya na rana: yara na hamma, ido na bakin ƙofa. Wannan ciwo ya tsufa, kuma sufayen Kirista na hamadar Masar sun yi nazarinsa tun ƙarni na 4.

Asalin hanyarsu daga Iskandariyya take. Orijin, malamin ƙarni na 3, ya koyar cewa Littafi Mai Tsarki yana da jiki da rai da ruhu kamar mutum. Jikin shi ne labarin da ke fili, ruhun kuwa ma'anar ɓoye ce wadda take gyara zuciya.

Ebagiriyus, mutumin Fontus, ya bar Kustantiniyya ya shiga hamada, ya rasu a Keliya a 399. Ya lissafa tunani takwas masu dagula zuciya: haɗama, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai. Kasalar ce ya kira aljanin tsakar rana, sunan da ya ɗauko daga Zabura. Ya siffanta sufi mai karatu yana hamma, yana ƙirga sauran shafuka, ƙarshe ya yi matashin kai da littafin. A wurinsa, abokan gaban da Zabura ke ambato su ne waɗannan tunane-tunane. Sai ya tara ayoyi kusan 500, kowace da tunanin da za a mayar wa martani da ita. Maganin kasala kuwa shi ne zama wuri guda da aikin hannu, irin saƙar tabarma da kwando.

Yahaya Kasiyan ya kai koyarwar Marsai ta Faransa wajen 415. Ya nuna cewa sunan Urushalima yana iya nufin birnin tarihi, ko jama'ar masu bi, ko birnin sama, ko ran mutum kansa. A ƙarni na 12 Gigo na Biyu, shugaban sufayen Shartarez, ya tsara matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sannan natsuwa. Ya kwatanta su da cin abinci, daga kai loma baki zuwa tauna har jin zaƙi.

Hanyar ta sha suka. A 553 aka la'anci wasu ra'ayoyin Orijin da Ebagiriyus, har wasu littattafan Ebagiriyus suka tsira da sunan wasu, ko cikin Suriyanci da Armeniyanci. Mai haƙo ma'anar ɓoye yana iya tsintar son ransa a rijiyar, shi ya sa sufaye sukan nemi dattijo mai ja-gora.

Mu iyaye da malamai, ko mene ne addininmu, akwai abin dubawa a nan. Muna auna ƴaƴanmu da yawan shafukan da suka haɗiye don jarrabawa. Su kuwa sufayen nan sukan wuni kan aya ɗaya. Gobe a aji, a ba yara layi uku kawai, a bar su su tauna.