Taliya a Kano: Daga Cikin Gida zuwa Teburin Mai Shayi

Taliya ta shigo Kano ne sau biyu, ta hanyoyi biyu da ƙarnoni suka raba tsakaninsu: ta farko ta ratso Sahara tare da ayarin raƙuma, ta biyu kuwa ta biyo teku daga gabashin Asiya. Unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda suka bunƙasa a wajen ganuwa tsakanin titin Zariya da titin Maiduguri, suna cikin wuraren da ake ganin haɗuwar tarihin biyu a fili.

Gero da dawa su ne tushen cimar Bahaushe, alkama kuwa amfanin rani ce da ake nomawa kaɗan a fadamu lokacin hunturu, saboda haka ta daɗe tana matsayin abincin fada da gidajen attajirai. Ana danganta yaɗuwar girke-girkenta, irin su gurasa da alkaki da taliya, ga fataken Gadamas da Turabulus da suka zauna a birni, musamman a Dandalin Turawa, waɗanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da su lokacin da ya iso Kano a 1851. Taliyar wancan zamani ita ce 'yar murji, wato wadda ake kwaɓa garin alkama da ruwa, a riƙa murza shi da hannu sili-sili, sannan a shanya, kuma yawan wahalarta ya sa ba a cika yin ta ba sai don biki ko babban baƙo.

Abubuwa biyu ne suka sauko da ita ga talaka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Na farko shi ne wadatuwar fulawa, bayan kafa kamfanin niƙa a Bompai a shekarun 1970 da kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ta faɗaɗa noman alkama a Kadawa da Kura. Na biyu shi ne ƙaramin injin hannu, wanda ke daɗe kwaɓin ya kuma yanka shi cikin ɗan lokaci. Da wannan inji taliyar Hausa ta zama sana'ar matan kulle, wato matan aure da ba sa fita kasuwa, waɗanda ke murzawa su shanya a kan igiya a tsakar gida, su dafa, yara kuma su kai talla da manja da yaji. Da ribarta iyaye mata da yawa suka zuba adashi, suka haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ko haramta shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987, wanda ya tsawwala farashin fulawa har zuwa ɗage shi a 1992, bai kashe sana'ar ba.

Hanya ta biyu ta faro ne daga lardin Fujian da ke kudu maso gabashin Sin, wanda mutanensa suka bazu a kudu maso gabashin Asiya ɗauke da taliyarsu ta alkama. Waɗanda ake kira Hokkien sun kwarara tsibirin Phuket na kudancin Tailan a ƙarni na 19 don haƙar kuza, suka bar masa gadon wata kakkaurar taliya mai ruwan ɗorawa da ake soyawa da nama da kayan teku da ƙwai, wadda har yau matafiya ke nema. Daga lardin ne kuma Liem Sioe Liong ya yi ƙaura zuwa Indunusiya, inda ya kafa rukunin kamfanonin Salim, mai mallakar taliyar Indomie. Ita dabarar soya taliya a busar da ita don ta dahu cikin mintuna kaɗan, Momofuku Ando ne ya fito da ita a Japan a 1958. Indomie ta fara shigowa Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna.

Masu shayi ne suka ba wannan sabuwar taliya gindin zama a Kano. Teburinsu, wanda a da bai wuce shayi da burodi da soyayyen ƙwai ba, ya dace da rayuwar unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya suka yawaita, ga masu jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ga matafiya a tashar Unguwa Uku, dukkansu masu bukatar abinci mai zafi a lokacin da gidaje suka kashe murhu. Mai shayi bai bi umarnin da ke jikin leda ba, domin yakan tsane ruwan, ya soya taliyar da albasa da attaruhu, ya ɗora ƙwai, abin da ya kusantar da ita ga girkin Phuket ba tare da ɗayansu ya san ɗaya ba.

Sauyin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi shi ne na hannun da kuɗin ke shiga. Taliyar Hausa tana barin ribarta a cikin gida, a hannun matar da ta murza, alhali ta leda ana sarrafa ta ne a manyan masana'antu da alkamar da mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, maza ne kuma ke sayar da dafaffiyarta a bakin titi. Duk wani shiri na farfaɗo da noman alkama a Kadawa da Kura ya kamata ya sa masu murza taliya a lissafi, domin suna cikin waɗanda suka mayar da alkama abincin kowa a Kano, kuma har yau sana'arsu tana ciyar da gidaje da dama.