Tarihin Dokokin Mallakar Miyagun Ƙwayoyi a Kano

Laifin mallakar miyagun ƙwayoyi, a dokar Najeriya, shi ne a samu mutum da abin maye da gwamnati ta haramta ko ta ƙayyade amfani da shi, yana sane, kuma ba shi da izinin riƙe shi. Shari'ar wannan laifi a hannun Babbar Kotun Tarayya take. A Kano wannan kotu tana zama a Court Road, unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, inda hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa (NDLEA) ke gurfanar da waɗanda ta kama.

Zamanin Turawa da mulkin soja

Turawan mulkin mallaka ne suka aza harsashi da dokar magunguna masu haɗari ta 1935. Bayan samun 'yancin kai, noman tabar wiwi ya yaɗu, sai gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta fito da dokar soja mai lamba 19 ta 1966. Manomin wiwi hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara 21, wanda aka kama da ita ko yana zuƙarta kuwa shekara 10. An ga hukuncin ya yi tsauri, aka sassauta shi a 1975.

Da hodar iblis ta fara ratsowa ta filayen jiragen sama, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20 ta 1984, wadda ta tanadi kisa ta hanyar harbi. A watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Abin ya jawo suka ƙwarai, musamman da yake an sa dokar ta yi aiki a kan laifin da aka aikata tun kafin a kafa ta. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da hukuncin ɗaurin rai-da-rai a 1986.

Kafa NDLEA

Bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan safarar ƙwayoyi, aka kafa NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989. Dokar ta bambanta laifuffuka: shigo da hodar iblis da makamantanta, ko haɗa su, ko sayar da su, ɗaurin rai-da-rai, mallaka kuwa daga shekara 15 zuwa 25. Wajibi ne masu gabatar da ƙara su tabbatar da abu uku: gwajin kimiyya ya nuna kayan haramtattu ne, an same su a hannun wanda ake tuhuma ko ƙarƙashin ikonsa, kuma ya san da su.

Kanawa sun ga muhimmancin sharaɗi na uku a ƙarshen 2018, lokacin da aka tsare wata ɗaliba mai karatu a Kano a ƙasar Saudiyya saboda jakar tiramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Bincike ya nuna ba ta da masaniya, aka sake ta a watan Afrilun 2019.

Daga wiwi zuwa kemis

A shekarun baya-bayan nan matsalar Kano ta koma kan magungunan asibiti, wato ruwan maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramol. Riƙe irin waɗannan da takardar likita halas ne, tara su da sayarwa ba lasisi shi ne laifi. Majalisar Dattawa ta yi taro na musamman kan shaye-shaye a Kano a watan Disambar 2017. Ranar 1 ga Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da rahoton bincikenta kan shan kodin, ministan lafiya Isaac Adewole ya hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano. A watan Fabrairun 2024, bisa hukuncin Babbar Kotun Tarayya, aka rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari domin su koma sabuwar kasuwar Dangwauro, inda hukumomi za su iya sa ido.

Muhawarar yau

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta goyi bayan dawo da hukuncin kisa ga masu safara. Likitoci da lauyoyi da dama kuwa suna kira da a raba dillali da matashin da shaye-shaye ya kama, domin na biyun magani yake buƙata, irin wanda ake bayarwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau. Tun 1966 ake tsananta hukunci ana sassautawa, shaye-shaye bai gushe ba. Wannan tarihi yana nuna cewa kurkuku kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da toshe hanyar shigowar kaya, da kula da marasa lafiya, da tsayuwar iyaye da malamai da masu unguwanni kan tarbiyyar matasa.